Fiton Mai Gyaran Agogo

Agogo bakwai ne a bangon falon Umma, kuma tun da maigidanta ya rasu ba ta bari an sake sa musu batir ba. Kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama. Maigidan nata, Malam, mai gyaran agogo ne, kuma yana da wani fito da yake yi in ya duƙufa kan aiki, da shi kuma yake shigowa gida. Shekara talatin tana ce masa fito ba na dattijo ba ne. Yanzu da hantsi takan lumshe ido, ta ji fiton yana tahowa daga bakin layi, yana matsowa, yana matsowa, sai ya kai tsakiya ya yanke. Ƙarshen ya ɓace mata. Wannan ya fi komai ci mata rai.

A haka ɗanta Auta ya same ta, ya durƙusa.

"Umma, filis, minti biyar kawai. Tana bakin ƙofa."

"Wa? 'Yar Tela? Wata tara ina ce maka a'a! Yarinyar da ke rera waƙa a waya duniya na ji, ita ce surukata? Ka nemi wata."

"Ba maganar aure ta kawo ba, wallahi."

Yarinyar ta shigo da sallama, ta zube nesa da tabarma, hannunta riƙe da wata takarda da ta sha ninki. Shagon mahaifinta ne ke jikin na Malam, katako ɗaya ya raba su. A nan ta girma tana ɗinka maɓalli.

"Umma, ki gafarce ni. Ranar da kika mayar da maganarmu na yi kuka har na gaji, sai na rubuta waƙa. Ta farko duk fushi ce, na yaga. Na yi ta sakewa har fushin ya fita. Amma karin ba nawa ba ne, na Baba marigayi ne, fiton da yake yi. Sau uku mai situdiyo na ba ni rana ina ɗagawa. Ba zan yi rikodin ba sai da izininki. In kin ce a'a, a gabanki zan yaga."

Umma ta ɗago kai. "Ke kin san fiton Malam?"

"Ta katako nake ji, tun ina 'yar shekara shida."

"To yi mu ji."

'Yar Tela ta sunkuyar da kai, ta fara da baki rufe, a hankali. Shi ne! Umma ta ga labule na motsi, ta ji ƙamshin man agogo. Karin ya iso tsakiya, inda kullum yake yanke mata, ta riƙe numfashi — sai ya wuce. Ya hau sama kaɗan, ya sauko, ya sake saukowa, kamar mutum na ajiye abu mai fashewa. Hawaye suka wanke mata fuska.

"Sake," ta ce. Aka sake. "Sake!"

Da aka yi na huɗu ta share ido da gefen mayafi, ta haɗe rai. "Ban ce na yarda ba. Sai na ga wurin da idona."

Situdiyon ɗaki ne ƙarami a saman wani shago, an manne bangonsa da soso. Umma ta dube shi sama da ƙasa.

"Katifar wa kuka yayyanka?"

Mai situdiyo ya yi dariya. "Don kada ƙarar titi ta shigo ne, Mama. Ga hedfon."

Ya ɗora mata shi kan mayafi. Duniya ta yi tsit, kamar an tsoma kanta cikin ruwa. Ta bayan gilashi 'Yar Tela ta tsaya gaban makirfo, ta fara:

"An rufe ƙofa, ban buga ba,
na zauna inuwarta ina ɗinki.
Hannun agogo ba ya gudu,
amma kullum yana isowa."

"Tsaya!" Umma ta ɗaga hannu. "Kin yi sauri. Malam ba ya gaggawa, ko gobara ake."

"Sori, Umma."

Umma ta buɗe jaka ta zaro ƙaramin agogon tebur, na murɗawa, wanda Malam ke ajiyewa kusa da filo. Ta murɗa shi, karo na farko cikin shekara biyu. Tik, tik, tik.

"Bi wannan. Da shi yake aunawa."

Mai situdiyo ya kanga masa makirfo, ya ce ba sai an sa wani kiɗa ba. Sau goma sha ɗaya aka ɗauka. Yarinyar ba ta yi tsaki ba ko sau ɗaya, ita kuwa Umma ba ta bar kuskure ko ɗaya ya wuce ba. A na ƙarshe ta rufe ido, ta ga Malam ya shigo, ya rataye hularsa, ya ƙarasa fitonsa har ƙarshe.

Da ta cire hedfon ta tarar da Auta da 'Yar Tela sun zuba mata ido.

"Kai Auta, rufe baki. Ka wuce wajen baffanka ka ce ina nemansa gobe, maganarku za mu yi." Ta juya. "Ke kuma 'yata, zo ki riƙe min jaka, matakalar nan ba ta tsofaffi ba ce. A hanya mu sayi batir. Guda bakwai."

Da 'Yar Tela ta saki waƙar fushin nan ta farko, da ta huce na kwana ɗaya ta rasa Auta har abada. Ta yi haƙuri, ta nemi izini a kan abin da ba nata ba, sai ga wadda ta rufe mata ƙofa ta kama hannunta suna sauka tare. Umma ma ta koyi nata: kada ka yanke wa mutum hukunci kafin ka zauna ka saurare shi, don wataƙila abin da ka rasa yana wurinsa a ajiye.