Mai Tsaron Agogo da Ragon Layya

A wata ƙasa can an yi wani malalaci mai tsaron babban agogo. Da agogon nan taurarin ɗan'adam ke saita lokacinsu, da lokacin kuma suke auna hanya su nuna wa direbobi a waya. In agogo ya kuskure kaɗan, hanya ta kauce da yawa.

Gogan naka kuwa ga barcin safe. Kullum ya makara, sai ya lallaɓa ya mai da agogo baya don kada shugabansa ya gane, yana cewa, "Ɗan kaɗan ne, wa zai sani?"

Wata rana masu kai amarya suka bi hanyar da waya ta nuna, suka ɓulla ƙofar kurkuku maimakon gidan ango. Da ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki: "Ɗan kaɗan ne, wa zai sani?"

Jajibirin Sallah ya sayi ƙaton rago, ya ba wani direba ya kai masa gida. Gari ya waye, ya wasa wuƙa, shiru babu rago. Ya kira direban. "Malam, ina ragona?"

"Na sauke shi inda waya ta nuna, Alhaji, ƙauyen gaba da naku. Har sun feɗe, suna ta sa maka albarka."

"Ƙauyen gaba?"

"Haba Alhaji, ɗan kaɗan ne, wa zai sani?"