Ɓarawon Allon Turanci

Ranar Alhamis da hantsi Malam Zaharaddeen ya faɗo ofishin 'yan sanda na Aliero ko sallamar kirki babu. An sace allon ajinsa, kwana uku ke nan yana cigiya.

"Fashi ke nan," in ji Sufeto Imran.

"A'a, ranka shi daɗe! Darasin da ka bisa allon ke nan. 'Steal' ɗaukar abu na a ɓoye. 'Rob' kau mutum ko wuri aka yi ma, da ƙarhi."

Sufeto ya yi nadamar buɗe baki. Malam dai abin tausayi ne: ranar Litinin masu duba malamai za su zo, ƙarin girmansa na hannunsu, kuma har yau ba ɗalibin da ya iya bambance kalmomin nan biyu.

A makarantar, can garin Kashin Zama, Sufeto ya tarar da sawun jaki da ɓawon albasa a bakin aji. A ƙasar Aliero ɓawon albasa ba shaida ba ne, kowa na da shi.

Delu mai ƙosai a ƙofar makarantar ta rantse ba ta ga kowa ba.

"Jakin fa?"

"Jakin Tamu? Ai shi ba kowa na ba."

Sufeto da Malam da wani kofur suka sami Tamu a rudunsa, inda yake ajiyar albasa, yana tsince ruɓaɓɓu. Ƙofar da gara ta cinye an toshe ta da wani faffaɗan katako, an rufa masa tabarma. Bayan rigarsa fari fat.

"Wannan farin fa?"

"Toka ta."

Sufeto ya yaye tabarmar, sai ga allo, rubutun yana kallon ciki. Ya juya wa kofur. "Rubuta, 'rob'. Fashi."

Tamu ya yi zumbur. "Wallahi 'steal' niy yi! Ban tare kowa ba, ko sanda ban riƙa ba! Kwana ukku ina tsintar albasa ina kallon abin ga, da hwassara tai ƙasa, na hardace shi sarai!"

Aka sa masa ankwa. Idon Malam ya ciko da ƙwalla.

"Shekara tara ina koyar da wanga darasi, yau na samu wanda yag gane. Ranka shi daɗe, a ara min shi ran Litinin, shi zamna aji."

"Litinin yana kotu," in ji Sufeto, ya tura Tamu cikin mota.