Fentin Motar Mbwana

Ruwan da aka rantse ba ya cin wuta, sai ga shi ya kama ci bal-bal a gaban manyan tashar jiragen ruwan Mombasa. Shekara shida Dakta Zuhura Mbarak ta yi tana haɗa shi don ya maye gurbin man da ke tura injin ɗaga kaya, kusan rabin haɗin nata ruwa ne zalla. Idan manyan suka rubuta cewa ya faɗi gwaji, aikinta ya mutu ke nan.

Sufeto Kazungu Charo ya tsoma yatsa a tankin jirgin gwajin, ya murza.

"Dakta, wannan ai mai ne."

"An zuƙe nawa an zuba mai, Yallaɓai," in ji Dakta Zuhura.

Mutum uku suka taɓa injin jiya. Makaniki Odera hannunsa a karye yake, ko bokiti ba ya ɗagawa. Kyaftin Baraka kuwa rigarsa ya yaye, ya nuna tabon ƙuna har kafaɗa.

"Gobarar mai ce ta yi min wannan. Ni zan ɓata maganinta?"

Saura Mbwana, dillalin da ya shekara ashirin yana sayar da mai ga jiragen.

"Durom nawa ka fitar jiya, Baba?"

"Biyu, duk wayam. Ka tambayi masu gadi, ɗana."

Kazungu mutum ne mai naci kamar ƙuda. Ya leƙa bayan a-kori-kurar Mbwana, sabon fenti shuɗi, amma da zobe biyu inda fentin ya kumbura yana saɓulewa.

"Dakta, mai yana cin fenti?"

"Ko kusa. Nawa ne ke ci, shi ya sa ba ma fenta cikin tanki."

"To, Baba, duromanka cike suka fita da ruwan Dakta. Ka saba mai ya ɗiga ka bar shi, bai taɓa yi maka komai ba. Wannan ma ka ƙi gogewa."

Mbwana ya zauna daɓas. "Idan ruwanta ya karɓu, wa zai ƙara sayen maina?"

Bayan shagonsa aka samo duroman. Da la'asar aka sake gwaji, aka fesa ruwan a kan jan ƙarfe, tururi kawai ya tashi. Daɗi ya kashe Zuhura, har da hawaye.

Kyaftin Baraka ya buɗe murfin tanki da kansa.

"Dakta, cika min shi. Gobe da yarana goma sha biyu zan fita teku."