Burtsatsen Mahfuz

Yaya Mahfuz, kai ka ce mana ƙasa kamar dafaffen ƙwai take, mai tsattsagaggen ɓawo. Ka ce faya-fayen ɓawon da muke takawa suna bisa dutse mai zafi, suna matsawa a hankali kamar tsirowar farce. Kai ka kafa turke a tsakar gidanmu na unguwar Yara a Keffi, ka ce nan ruwa yake. Ba ka ga ruwan ba, hanyar Abuja ta cinye ka. Ga abin da ya biyo bayanka.

Baba ya kira masu haƙar burtsatse. Rana ta yi ja, Inna ta leƙo ta ce a dakata, ba a huda ƙasa da magariba. Mai injin ya ce gobe da sassafe ana jiran su a Mararaba. Baba ya dubi turken, ya ce su ci gaba. Ana kiran salla ruwa ya ɓullo, da ɗumi kamar an sauke shi daga murhu.

Washegari da magariba dutse ya faɗo bisa rufin kwano. Sai wani. Baba ya ɗauki ɗaya ya yar, don ƙuna yake. Kaji suka yi tsit. Ruwan randa ya shiga rawa ba wanda ya taɓa shi. Hamdiya, autar gidan, tana wanke-wanke a bakin burtsatsen, ta miƙe a sandare, ta yi dariya da muryar tsoho.

Aka ɗauko Malam Ubale. Ya durƙusa, ya daɗe yana karatu a kunnenta, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai gida. Ku ne baƙi," in ji muryar. "Tun kafin kakanku ya san hanyar Keffi nake zaune a tsagar dutsen nan. Gidana tafiya yake a hankali, ban taɓa damun kowa ba. Kuka huda mini rufi ina cin tuwo da 'ya'yana."

"Fita daga jikin yarinyar."

Idanun Hamdiya suka juya kan Baba. "Kai, mai kunnen ƙashi. Ɗanka mai awon ƙasa, ina jin muryarsa daga ƙarƙashi. Bar ramin a buɗe, kullum magariba za ka ji shi. Ni kuma in riƙe wannan. Ko ka toshe, in tafi, kai ma ka rasa muryarsa."

"Ƙarya yake, Alhaji," in ji Malam. "Mamaci yana hannun Ubangijinsa."

Baba ya dafa bututun, abu ɗaya da ya rage masa na ɗansa. Ya dubi ƙafafun Hamdiya, lallen da Inna ta sa mata bai ko dushe ba.

"A kawo siminti," ya ce.

Da hannunsa ya mayar da duwatsun cikin ramin, suna ƙona shi, bai ce wash ba. Da aka shafe bakin, Hamdiya ta yi atishawa, ta zube a cinyar Inna.

"Inna, ƙishirwa nake ji."

Gidan ya koma jiran masu kurar ruwa. Baba ba ya ratsa tsakar gida ta wajen ramin.

Ni kuwa jiya da magariba na kara kunnena a simintin. Can ƙasa wani abu yana jan jiki, a hankali. Sai na ji gyaran murya, irin wanda kake yi kafin ka fara mana bayani.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.