Albasar da Aka Kai Maradun

"Ki koya mata, Taiba. Shi kaɗai nike roƙonki."

Taiba ta tsaya a bakin zaure riƙe da kwalbar albasa, ɗumin ruwan khal bai gama barin gilashin ba. Tun bayan azahar take aikin. Idanunta sun yi ja saboda yankan albasa, amma ta wanke fuska ta sa kwalli don ta san yau Alhamis, Haidar zai biyo kafin ya wuce gida Maradun.

"In koya ma wa?"

"Surayya."

"Wacce Surayya? Ɗiyar kawunka da ke jinyar Hajiya?"

Ya ɗaga kai alamar e, bai yarda sun haɗa ido ba.

Haidar malamin makaranta ne a nan Talata Mafara, ɗan marigayi limamin wata unguwa a Maradun. Shekara biyu ke nan yana zuwa zauren Malam Tukur, mahaifin Taiba, wanda ke noman albasa da rani. A shekarar da albasa ta yi yawa har ta riƙa ruɓewa a rumfa, Taiba ta je Bakura inda ake koya wa mata adana amfanin gona, ta dawo da sanin yadda ake jiƙa ta a ruwan khal, ruwan tsamin nan da ake sayarwa a kanti, ta daɗe ba ta lalace ba.

Wata takwas da suka wuce ciwon suga ya kwantar da Hajiya Ummu Hani, mahaifiyar Haidar, ta daina sha'awar kowane abinci. Taiba ta ba shi kwalba ɗaya ya gwada. Da ya dawo, cike da murna ya ce Hajiya ta cinye tuwo malmala guda da ita. Daga ranar, ba Alhamis ɗin da ta wuce ba ta haɗa masa sabuwa ba.

"Wagga kwalba ita za ta buɗe muna ƙohwa, masoyiyata," haka yake cewa duk mako.

Yanzu ta dube shi.

"Mi ya haɗa Surayya da albasata?"

"Ranar farko da na kai... ita ta zuba ma Hajiya a kwano. Hajiya ta tambayi wa ya yi. Sai ta ce ita ce."

"Kana ina?"

"Ina nan zaune."

"Mi ka ce?"

Ya kau da kai.

"Haidar, mi ka ce?"

"Na ga tana ci, Taiba. Kwana tara ba ta ci abin kirki ba. Kin san dā ma da na kai mata zancenki ta ƙi. Na ji tsoron in na ambaci sunanki ta ture kwanon."

"Wata takwas..."

"Kullum ina neman ranar da zan hwaɗa."

"Duk gaisuwar da kake kawo mani daga wurinta fa? Da ka ce tana sa mani albarka?"

"Tana sa ma wadda ta yi albarka. Ai ke ce kika yi."

Ta jingina da bangon zauren.

"To mi ya kawo koyo yanzu?"

Ya share zufa da bakin hularsa.

"An sa rana. Bayan babbar Sallah, ni da Surayya. Hajiya ta ce yarinyar da ta tsaya mata a ciwo ita ta cancanta. Kuma ta ce tana son ta ga ana haɗa albasar a gabanta. In gaskiya ta hito, Surayya za ta tozarta, jinin Hajiya zai hau. Ki taimake ni, hasken idona."

"Kada ka sake ce mani haka."

Ta ajiye kwalbar a kan tabarma a hankali.

"Zan koya mata. Amma a Maradun, gaban Hajiya."

"Taiba, don Allah..."

Ta shige gida ta bar shi.

Innarta ta ji komai daga bayan ƙyaure. Ta riƙe mata hannu.

"Kada ki tahi, ɗiyata. Gidan da bai kira ki ba, ba ki da kujera a cikinsa."

"Inna, tsohuwar ba ta sani ba ne. In ta san ni ce, wallahi za ta sake tunani. Ƙarya aka yi mata kamar yadda aka yi mani."

Inna ta saki hannunta.

Ranar Asabar da hantsi Taiba ta sauka a Maradun da leda biyu. Ɗaya ƙananan albasa ja da ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya daga rumfar babanta, ɗaya kuma kayan haɗi da kwalba. Gidan bai yi wuyar samu ba, kowa ya san gidan Liman.

Surayya ce ta amsa sallama. Doguwa ce, fara, da lalle har gwiwar hannu. Ta dubi ledojin ta gane, fuskarta ta canza, amma nan da nan ta saki murmushi ta ɗaga murya.

"Hajiya, ƙawata ce daga Mafara, ta zo taya ni aiki."

Hajiya Ummu Hani na kishingiɗe a kan darduma a inuwar baranda, ta rame, carbi a hannu. Haidar na zaune gefenta. Da ya ga Taiba sai ya yunƙura kamar zai tashi, ya koma ya zauna.

Taiba ta durƙusa.

"Ina kwana, Hajiya. An tashi lahiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lahiya lau. Jiki da sauƙi, alhamdulillahi. Ya mutanen Mafara?"

"Suna lahiya, suna gaishe ki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne."

"Amin."

Taiba ta gyara durƙuso.

"Hajiya, ni ba ƙawar Surayya ba ce. Sunana Taiba, ɗiyar Malam Tukur. Albasar da kike ci wata takwas, ni ke yin ta."

Ta jira tsohuwar ta firgita, ko ta juya ta tambayi ɗanta. Hajiya ta ci gaba da jan carbinta har ta kai ƙarshen zagaye.

"Na sani."

"Kin... sani?"

"Tun mako na biyu. Surayya da ko yajin daddawa sai an daka mata? Kuma ciwo ne ya kama ni, ba makanta ba. Duk Alhamis ina ganin shi yana hiddo kwalba daga jaka."

Haidar ya ɗago da sauri.

"Hajiya, kin sani kika..."

"Yi mani shiru. Ni na ce ma Surayya ta ci gaba da cewa ita ce. Da na amsa cewa na sani, da kullum ka samu abin kawo mani zancen wagga yarinya da shi."

Ta juyo ga Taiba, muryarta ba faɗa ba tsawa.

"Hannunki na da daɗi, ba zan ɓoye ba. Allah ya saka miki. Amma gidanga gidan karatu ne tun kakanni. Masu albasa na kawo muna kayansu, mu gode, su koma. Ba mu taɓa ba su ɗaki ba."

"Babana mutumin kirki ne, Hajiya. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba."

"Ban ce ya ci ba."

Taiba ta dubi Haidar. Shekara biyu yana rantse mata cewa ranar da za a taɓa ta a gabansa ba ta zo ba. Yanzu yana kallon ƙafar tabarma, yana tsinkar zarenta da farce.

"Haidar," in ji Hajiya, "yarinya ta yi tahiya mai nisa. Kada ta koma da shakka. Hwaɗa mata da bakinka wa za ka aura."

Ya ci gaba da tsinkar zaren tabarma.

"Ina jin ka."

"Surayya," ya ce, da ƙyar ake jin sa.

Taiba ba ta yi kuka ba. Ita kanta ta yi mamaki. Ta miƙe ta ɗauki ledojinta, sai ta dubi hannun tsohuwar da ya zama ƙashi da fata, hannun da ta yi wata takwas tana yi wa addu'a bayan kowace sallah.

"Zan koya mata," ta ce. "Don kada a sake aiko kowa ƙohwar gidan babana."

A nan tsakar gida aka kafa murhu, inda Hajiya za ta gani. Taiba ta fara da kwalba, ta tafasa ta a ruwa ta kifa ta bushe. Ta miƙa wa Surayya wuƙa.

"Ki ɓare, ki yanka zobe-zobe, sirara."

Surayya ta yanka biyu idanunta suka cika da hawaye. Ta jefar da wuƙar.

"Ke kin saba. Da warin aka haife ki."

Taiba ta ɗauki wuƙar ta ƙarasa. Ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta bar albasar ta tsane ruwanta, ta ɗauraye. Ta ɗora ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ta jefa kanumfari, masoro, ɗan yankin citta da attaruhu guda.

"Wasu na sa sukari. Ke kada ki sa ko ƙwaya, saboda ciwonta. Gishiri ma ki rage. Kada ki ɗiba da cokali mai ruwa, za ta yi fumfuna."

"Haidar, rubuta mani," in ji Surayya. "Kaina bai ɗaukar zancen 'yan gona."

Ya ciro biro da takarda. Da hannun da yake rubuta mata wasiƙu ya rubuta kanumfari da masoro.

Taiba ta jera albasar a kwalba, ta zuba ruwan da zafinsa har ya rufe ta. A hankali launin ya fara komawa ja mai haske. Ta ɗaure murfin ta ajiye a gaban Hajiya.

"Allah ya ba ki lahiya."

"Amin. Surayya, ba ta sabulu ta wanke hannu."

Surayya ta kawo, ta riƙe shi da yatsu biyu, ta sake shi a ƙasa kusa da ƙafar Taiba.

"Ki tahi da shi. In kin taɓa ba mu iya amfani da shi."

Taiba ta tsallake sabulun ta fita.

A tasha ta sami gefen taga a motar Mafara. Saura mutum biyu ta cika. Ta cusa hannuwanta cikin hijabi tana tunanin abin da za ta faɗa wa Inna, da yadda za ta dubi babanta wanda ke kiran Haidar "malaminmu" yana ware masa albasa mafi kyau.

Can ta ji ana kiran sunanta.

"Taiba... Taiba..."

Haidar ne a kan mashin, ba hula, yana leƙa motoci ɗaya bayan ɗaya. Ya biyo ta. Ya bar su ya biyo ta. Ta ji duk abin da aka yi mata a gidan yana neman narkewa, har ta kai hannu ga murfin mota.

Ya iso yana haki, ya dafa tagar.

"Alhamdulillahi ba ku tashi ba."

"Ga ni, Haidar."

Ya dube ta, idanunsa jajir. Leɓɓansa suka motsa kamar zai faɗi wani abu mai nauyi. Sai ya sunkuyar da kai, ya ciro takardar daga aljihu.

"Hajiya ce ta ce in tambaye ki... kwana nawa ake barin ta kafin a fara ci? Ba ki hwaɗa ba."

Taiba ta janye hannunta daga murfin.

Ta kalle shi sosai, tun daga sumar da iska ta hargitsa har zuwa biron da ke yatsunsa.

"Kwana uku," ta ce. "A wuri mai sanyi."

Ya rubuta.

"Taiba, ni..."

Direba ya tada mota. Haidar ya ja baya don kada taya ta taka shi, ya tsaya da takardarsa yana ƙanƙancewa a bayansu.

Sai da suka bar gari hawayen suka zo, masu zafi, ba sauti. Wata dattijuwa da ke kusa da ita ta miƙo mata gefen mayafinta.

"Yi haƙuri, ɗiyata. Wancan mijinki ne?"

Taiba ta share fuska, ta girgiza kai.

"A'a, Baba. Ɗan aike ne."