Ɗakin Ruwan Hanta

A faɗarsa, ba a taɓa gina bangon da ya fi ƙarfinsa ba. Kullum haka yake cika baki a ƙofar shagon mai sayar da fenti, yana kaɗa burushi kamar mai ba motoci hannu.

"Ni fa, ko tabon mai ne, ko na hayaƙi, ko gamsakuka ce har ta yi gemu, shafa ɗaya nake yi ta kwanta. Tsoro kuwa ban san kamanninsa ba. Ɗakin ajiye gawa na taɓa yi wa fenti ni kaɗai, har gyangyaɗi na yi a ciki."

Abokan sana'arsa suna kiransa Shafa-ka-wuce, shi kuma ya ɗauka kirari ne. Gaskiyar maganar ita ce bawan Allahn nan bai taɓa kankare bango ba. Ba ya wankewa, ba ya gogawa da samfefa. Abin da ya tarar, a kai yake shafawa. Akwai gidajen da har yau in ka ƙura wa kusurwa ido za ka ga ƙafafun kyankyaso sun leƙo ta cikin fenti, sun bushe suna roƙon Allah.

Mutum ɗaya ce zaƙin bakinsa bai taɓa ci ba, wato surukarsa. Tun ranar da fentin da ya yi mata a kicin ya ɓare ya faɗo cikin tukunyar miya, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon silin. To ga shi yanzu ta kama haya kusa da su, matarsa kuma ta yi ta roƙon uwar har ta yarda a ba shi aikin ɗakin kwananta.

Ranar zaɓen launi suka shiga su uku. Sauran ɗakunan gidan farare ne tas. Wannan kaɗai aka yi wa wani ja mai duhu, ruwan hanta, mai ɗan sheƙi kamar bai gama bushewa ba. Tsohuwar ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Wannan ɗaki ne ko cikin saniya?"

"Mama, shuɗi zai yi kyau," in ji 'yarta. "Yana sanyaya ido."

"Ni ba asibiti zan kwanta ba. Ruwan madara nake so, mai haske, in na farka in san gari ya waye." Ta juyo wajen surukin nata, karo na farko cikin shekaru ta dube shi ido da ido. "Gobe da safe motar kaya za ta zo. In na tarar da launin nan, wajen yayan matarka zan koma, kuma kada a sake kawo mini zancenka."

"Mama, ai ki ɗauka an gama," in ji Shafa.

A ƙofa matarsa ta ja hannun rigarsa. "Baban yara, don girman Allah wannan karon ka kankare. Sau ɗaya dai. Ka fitar da ni kunya."

Ya ce to. Sannan ya tafi shagon mai fenti ya ɓata yinin yana ba da labarin ɗakin gawa.

Sai da rana ta yi ja ya iso gidan da bokiti da rola. Maigadin layin, wani dattijo mai goron da ba ya ƙarewa a kumatu, yana alwala a bakin kwata. Ya dubi bokitin.

"Wane ɗaki?"

"Na ƙurya."

Dattijon ya dakata da wanke ƙafa. "Masu haya da yawa sun shiga gidan nan. Kowa ya sa an canja launin ɗakin can. Kuma kowa ya wayi gari ya tarar ya koma yadda yake a da."

"Ba su samu gwani ba ne, Baba."

"To bari gari ya waye mana. Almuru ta yi."

"Baba, ni da dare da rana duk ɗaya ne a wurina."

Dattijon ya tofar da jan yawu, ya ɗauki butarsa ya wuce.

Cikin ɗakin da ɗumi, irin ɗumin gadon da wani ya tashi a kai yanzun nan. Ƙwan lantarki guda na rataye, haskensa rawaya. Ga wani ƙarni, ba mai ƙarfi ba, kamar an wanke nama an manta ruwan a kwano. Shafa ya buɗe taga, ya ɗora tafin hannu a bango don ya ji ko da danshi. Bangon ya ɗan lotsa. Ya janye hannun, ya ga wani maiƙo a yatsunsa. Ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya goge a wando.

Makankarin ƙarfen da matarsa ta cusa masa yana aljihun baya. Ya taɓa shi, ya tuna alkawari, ya dubi faɗin bangon.

"Wa zai gani?" ya ce. Ya tsoma rola cikin fentin ruwan madara.

Shafar farko ta kwanta lumui. Ya yi murmushi, ya ci gaba, yana 'yar waƙarsa ta hanci. Sai da ya kai tsakiyar bango ya waiwaya don ya yaba wa kansa.

Babu fari ko ɗigo. Ja ne, kamar ba a taɓa ba.

Ya ce fentin ne ya yi ruwa. Ya sake lafta wani, mai kauri, ya tsaya yana kallo. Farin ya tsaya jim kaɗan, sannan ya fara nitsewa ta wasu ƙananan huji da bai lura da su ba, huji birjik, irin na fatar hanci. Har da 'yar ƙara. Tsut. Tsut. Kamar jariri na tsotso.

Waƙar ta maƙale masa.

Ya ɗaga rolar zai sake tsomawa, ya ji ta yi nauyi. Ya kai ta ƙarƙashin ƙwan. Gashi ne ya nannaɗe ta. Gajeru, masu kauri, masu lanƙwasa, kowanne da ɗan farin tushe a gindinsa, kamar yanzu aka tuge. Yawu ya taru masa a baki. Ya tofar.

Ƙarnin ya ƙaru. Yanzu ya koma warin tsohon miki da aka daɗe ba a kwance wa tsumma ba.

Daga nesa ladan ya kammala kiran salla. Unguwa ta yi tsit.

Ƙofar ɗakin ta rufe a hankali, ba iska.

"Mai fenti."

Raɗa ce. Daga bangon ta fito, daidai kunnensa, da wani huci mai ɗumi da ya jiƙa masa wuya.

Ya buɗe baki zai yi a'uziyya, harshensa ya ƙi ɗagawa.

"Kai ma rufewa ka zo yi?"

"W-wa... wane ne?"

"Kowa ya zo sai ya ƙara mini wani a kai. Ba mai sosa mini." Muryar ta wata tsohuwa ce, mai majina a maƙogwaro. "Ƙaiƙayi nake ji, ɗan nan. Shekara da shekaru."

Bangon ya kumbura, ya sauka. Ya kumbura, ya sauka.

"Akwai ƙarfe a aljihunka. Na ji sanyinsa tun shigowarka."

Ya ja da baya. Bayansa ya bugi ɗaya bangon, ya ji ya karɓe shi da laushi, kamar ƙirjin mutum. Ya zabura ya dawo tsakiya.

"Sosa."

Hannunsa da kansa ya zaro makankarin. Mutumin da bai taɓa kankare bango don aiki ba, yau ga shi yana kafa ƙarfe a jikin bango.

Ya ja.

Fentin ya taso, ba ɓarɓashi ba, zare guda mai tsawo, mai danƙo. Ƙarƙashinsa kore ne. Ƙarƙashin koren shuɗi. Ƙarƙashin shuɗin wani rawaya da ya ruɓe. Duk launin da wani mai haya ya taɓa zaɓa yana nan, sun narke sun manne da juna. Ƙarƙashinsu duka kuwa babu siminti.

Wani abu ne ja, ɗanye, yana motsi.

"Aaah. Nan. Ƙasa kaɗan."

Ya sauko ƙasa kaɗan. Wani ƙullutu ya fashe. Ruwa mai kauri, kalar fentin da ya zo da shi, ya tsarto masa a leɓe. Da ɗumi. Da gishiri.

Ya durƙusa ya amayar da duk abin da ya ci tun safe.

Daɓen ɗakin ya shanye. Tsut. Tsut.

"Kada ka tsaya. Saura bango uku. Saura sama."

Ya ɗaga kai. Silin ɗin ya sauko, ya yi tumbi, wasu ɗigo na taruwa a jikinsa. Ɗaya ya faɗo masa a ƙeya, ya gangara cikin riga.

"In ka gama," muryar ta ce, da wani irin daɗi, "sai in rufe ka kai ma. Shafa ɗaya. Ba haka kake yi ba?"

Daga inda ya kankare, wani abu ya fara turowa. Yatsu. Dogaye, ba farce, suna ɗiga ja.

A nan harshensa ya saku. Ya ƙwalla salati da muryar da bai san yana da ita ba, ya yi ƙofa. Mariƙin ya zame, jiƙe yake da yauƙi. Ya kama da gefen riga. Ya murɗa.

Takalminsa na hagu ya nitse a daɓe.

Ya fizge ƙafar, ya bar takalmin.

Ƙofar ta buɗe.

Wani abu mai faɗi, mai jiƙe, ya sauka a tsakiyar bayansa. Ɗas.

Bai waiwaya ba. Ya tsallake bokiti, ya tsallake kwata, ya kusa tsallake maigadin da ke zaune kan tabarma yana lazimi. Dattijon ya bi shi da kallo har ya sha kwana, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya ba.

Ya kwana yana wanka. Matarsa ta goge masa baya da sabulu, ta goge da kalanzir, ta goge da toka, har ta gaji. Shatin hannun na nan tsakanin kafaɗunsa, ruwan hanta, yatsun sun kai har ƙugu. In zafi ya yi, yana ɗan tsattsafo da maiƙo, rigarsa ta manne a wurin.

Da safe motar kaya ta zo. Surukar ta leƙa ɗakin, ta ga launin jiya, santsi, ba ko ƙwarzane. Ta sa direba ya juya, ta wuce gidan babban ɗanta. Matar Shafa ta yi mako ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole.

Tun daga nan abubuwa suka canja. Ya daina cin hanta, ko a tiren mai nama ya gan ta sai ya tsallaka titi. Ba ya aiki in rana ta karkata. Abin da ya fi ba abokan sana'arsa mamaki, yanzu kafin ya taɓa bango sai ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya yi sallama, sannan ya kankare shi har sai siminti ya fito fili. Masu gidaje har yabonsa suke yi.

Bakin ne dai bai canja ba.

Bayan wata biyu aka lallashi tsohuwar ta yarda ya zo gaisuwa. Falo cike da 'ya'ya da surukai, aka kawo shayi. Wani ya tambaye shi abin da ya faru a gidan can, shi kuwa ya gyara zama.

"Ai ba ƙaramin artabu aka yi ba. Aljana ce, ta fito mini daga bango, tsawonta har silin. Na ce ke, ni ba a yi mini haka. Na tsaya ƙyam. Ido cikin ido, tun magariba har ta gaji ta sunkuyar da kai. Ko taku ɗaya ban ja baya ba. Tausayinta ne ma ya sa na bar mata launinta, na tako a hankali na fito."

Matarsa ta ƙura wa kofinta ido.

Surukar ta kurɓi shayi, ta ajiye. Ta miƙa hannu ƙarƙashin kujera ta jawo wata leda, ta zazzage a tsakar falo. Takalmin hagu ne, an shafe shi da ruwan hanta ciki da waje, har yanzu yana sheƙi. Ƙarnin ya tashi, na kusa suka toshe hanci.

"Maigadi ya aiko maka. Ya ce a bakin ƙofa aka ajiye, an shafe shi tsaf." Ta dubi silin, yadda ta saba. "Ni dai abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai, Malam. Tunda ido cikin ido kuka yi, ba ka juya ba, yaya aka yi ta shafa maka fentin a gadon baya?"