Sun Ɗan Hau

Sauda na zaune a barandar gidansu a Nassarawa GRA, kunci a kumbure saboda ciwon haƙori, sai ga Jummai ta faɗo kamar an jefo ta. Jummai ƙawarta ce tun firamare, kuma ƙanwar Maharazu, wanda saura wata guda a ɗaura musu aure da Sauda su tashi Ingila, inda ma'aikatarsu ta tura shi kwas. Zamanin ambaliyar kuɗin mai ne, kowane gida a layin da sabuwar Fijo.

"Amaryarmu! Ina rizol ɗin gwajin tafiya?"

"Ga shi. Likita ya ce fararen ƙwayoyin jinina sun ɗan hau, haka ma masu daskarar da jini in an yanke. Wai haƙorin nan ne da ƙarancin jini. In cire shi, in sha magani, in koma bayan mako shida."

"Ashe farin jini ne ya yi miki yawa!" in ji Jummai, suka kwashe da dariya.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, amma kafin Jummai ta zagaya, kalma guda ta zube mata a hanya. Wannan yarinya, ga baki ga gaggawa! Tana shiga ta ce wa mahaifiyarsu, "Hajiya, wai fararen ƙwayoyin jinin Sauda sun hau."

Kofin shayi ya suɓuce daga hannun Hajiya Tani. Shekara tara da suka wuce, da irin wannan magana aka fara mata bayanin ciwon mijinta, Alhaji Aƙilu, kafin a kira shi da sunansa, sankarar jini. Wata huɗu ya yi yana narkewa a gabanta. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu. Washegari ta aika a ɗaga biki sai abin da hali ya yi.

Da la'asar Maharazu ya zo, ya tsaya jikin mota, ya kasa haɗa ido da Sauda.

"Haba Maharazu! Kai da ka yi boko? Karanta wa Hajiya takardar mana!"

"Wallahi na gwada. Da na buɗe baki sai ta toshe kunne tana kuka. Ta ce ta ga mutuwar nan sau ɗaya, ba za ta bari in ɗanɗana ba. Sori, Sauda — ba zan iya tsallake maganarta ba."

"To ni maganata wa zai ji?"

Ya ja mota ya tafi, Sauda ta durƙushe a wurin tana kuka mai cin rai.

Abin bai tsaya nan ba. Matan layi suka dinga sintiri suna mata sannu da jiki, suna kallonta kamar wadda ake shirin yi wa wanka. Gwaggonta Hafsatu, wadda ta raine ta, ta ɗauki mayafi za ta je ta wanke Hajiya Tani tas. Sauda ta riƙe mata ƙafa.

"Gwaggo, don Allah ki bari. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne."

Aka cire haƙori. Ta sha magani ba fashi. A mako na biyar Maharazu ya tashi shi kaɗai. Ranar, duk jirgin da ya gifta sai ta ji kamar a kan ƙirjinta ya bi.

Ranar komawa asibiti ta zagaya katangar nan da ƙafarta, ta durƙusa gaban Hajiya Tani.

"Hajiya, raka ni za ki yi. Ko mutuwar ce, gara a faɗa a gabanki."

Kunya ta hana Hajiya cewa a'a. Aka ɗebi jini, suka yi zaman jira har likita ya kira su.

"Hajiya, fararen ƙwayoyin nan su ne masu yaƙi da cuta. Haƙori ya ruɓe, suka ƙaru don su yi aikinsu. Masu daskarar da jini ma sukan ƙaru in jini ya yi ƙaranci. Irin ciwon da kike tsoro yakan zo da wasu alamu, ita ba ta da ko ɗaya. Ɗan hawa suka yi, shi ya sa na ce a sake gwaji. Yau ga su daidai."

"Ɗan hawa?" Muryar Hajiya ta karye. "Ni ba 'ɗan' a abin da aka gaya mini... Ɗana ya zo zai gaya mini, na toshe kunne."

Ta juya ta kama hannun Sauda, hawaye shaɓe-shaɓe. "'Yata, na binne ki da ranki. Ki yafe mini."

"Ai tun ranar na yafe, Hajiya."

Juma'ar da ta zagayo aka ɗaura aure, ango na can Ingila. Hajiya Tani da kanta ta kai amarya filin jirgi, Jummai na baya ɗauke da akwati, yau dai bakinta gum.

To 'yan'uwa, in kun ɗauko magana ku kai ta da cikarta, in an kawo muku ku saurara har ƙarshe. Haƙuri ya mayar wa Sauda da mijinta, amma makonni shida na kuka babu wanda ya iya mayar mata da su.